Girata da Katambirin Yaya Rabi

Ranar wata Talata da la'asar, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Gafasa, wuta ta lashe mini gira. Inna tana tuyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida, don rabin gidajen unguwarmu da man gyaɗarta suke suyar naman layya, ni kuma aikina iza wuta. Da itace ya yi ƙasa sai na kwaso ɓawon gyaɗa cike da ƙwarya na juye a murhu. Wutar ta lafa, hayaƙi ya turnuƙe, Inna ta fara harara. Na durƙusa, na kai fuskata bakin murhu, na cika kumatu na hura iyakar ƙarfina. Wutar ta tashi fuu gaba ɗaya. Ban ji wani zafi ba, ƙauri kawai na ji irin na kan rago idan ana babbaka. Inna ta riƙe haɓata ta duba idona ɗaya bayan ɗaya, ta yi hamdala, ta koma kan kaskonta. Yaya Rabi ce, wadda nake bi wa, ta ajiye taɓarya ta zo ta leƙa fuskata, sai ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. A nan na san an yi ɓarna.

Na ruga ɗaki na ɗauko ɓallin madubin da muke sokewa a jikin bango. Daga idona har inda kitso ya fara babu ko sili ɗaya, goshi ne kawai sumul yana ƙyalli. Abin da ya sa na fashe da kuka ba girar ba ce ita kaɗai. Kawu Sale, ƙanen Inna da ke zaune a Gaya, ya aiko tun watan jiya cewa washegarin Sallah a kawo masa mu, zai kai mu shagon mai hoto. Ni kuwa ba a taɓa ɗaukata hoto ba. Na yi makonni ina gwada tsayuwar da zan yi a bayan rumbu, hannu ɗaya a ƙugu, ina tambayar awaki ko ta yi. Atamfata tana wurin tela, takalmina na roba yana ƙarƙashin gadon Inna a cikin leda. Komai ya kammala, sai fuskar da za a ɗauka ce ta lalace.

Washegari a makaranta na ja ɗankwali har bisa ido, ina tafiya ina ɗaga kai don in ga hanya. Ban tsira ba. Lokacin tara muna carafke a gindin darbejiya, na sunkuya zan kwashi duwatsu, ɗankwalin ya zame. Kafin a kaɗa ƙararrawa sunana ya koma Goshin Tulu, har 'yan aji ɗaya masu majina a hanci suna bina da shi. Da na kai ƙara gida, Inna ko ɗagowa ba ta yi daga kan turmi ba. "Gashi ne, zai fito. Ki gode wa Allah da ya bar miki idon." Gaskiya ta faɗa, amma ni a lokacin na fi buƙatar gira a kan gaskiya.

Yaya Rabi ce ta ɗauki abin da zafi, wataƙila don ta biya dariyar da ta yi mini. Ita Allah ya yi mata gira mai kyau, baƙa siɗik, a lanƙwashe, wadda tsofaffin unguwa suke yabawa idan ta je ɗibar ruwa rijiya, kuma ta san da haka, don ba ta wuce madubi ba ta lasa yatsa ta gyara ta ba. Ranar kasuwar Ajingi ta ɗauki farantin ƙuli, ta ce in kwantar da hankalina, za ta zo mini da jagira, fensirin nan da 'yan matan birni suke zana gira da shi. Ta dawo da yamma hannu wofi. Ta ce mai kolin ya fito da su a kwali, masu murfin zinare, da ya faɗi kuɗin sai ta mayar masa a hankali don kada ta karya a ce ta biya. Muka lallaɓa wurin Baba yana ba ragon layya dusa. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Fensirin da ba a rubutu da shi? Ku je ku ba kaji ruwa."

Daga nan muka shiga neman abin da zai maye gurbinsa, kuma babu baƙin abu a gidanmu da bai hau goshina ba. Mun fara da gawayi, ya zana kyau, amma ina yin atishawa ya zube a kumatu. Baƙin gindin tukunya ya fi kamawa, sai dai duk inda na taɓa sai ya bi hannuna, har ya ɓata wa Inna farin mayafi, muka sha faɗa. Fensirin makaranta na lasa na goga har fata ta yi ja, bai bar komai ba sai ƙaiƙayi. Biro kuwa shuɗi ne. Kwallin Inna na cikin tandu mun so mu taɓa, amma ɗan kaɗan ya rage, na Sallarta ne, kuma ta san iyakar inda ya tsaya.

Dabarar da ta kusa fisshe mu ita ce ta fitila. Yaya Rabi ta kunna aci-bal-bal a ɗakin girki, ta kifa murfin kwano a saman harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin. Ta kankare baƙin da tsinke, ta kwaɓa da ɗan man kaɗe, ta ɗura a bututun tsohon biro, muka tura shi gindin randa inda ƙasa take da sanyi ya daskare. Da safe ta turo shi da tsinken tsintsiya, ta zaunar da ni a kan turmi, ta riƙe numfashi ta ja layi biyu. Wallahi girar ta yi kyau, har na ga ta fi wadda ta ƙone. Na tafi makaranta ɗankwali a tsakiyar kai, ina gaishe da mutanen da ban saba gaisarwa ba. Sai dai Sallar shekarar a tsakiyar bazara ta faɗo. Kafin azahar man ya narke, girata ta gangaro ta gefen ido ta biyo kumatu, Malam ya dube ni ya tambaya ko rasuwa aka yi a gidanmu. Muka gane cewa wadda za ta shiga mota zuwa Gaya cikin wannan rana, gira mai jure gumi take buƙata.

Akwai wata Bafulatana, Dije, da take kawo mana nono daga rugar da ke bayan gonarmu. Kullum fuskarta da ɗige-ɗigen katambiri, wata baƙar kwalliya da ake yi da ruwan 'ya'yan itace, kuma duk zafin ranar da take ratsowa da ƙwarya a ka ba mu taɓa ganin ya zuba ba. Ranar jajibiri Yaya Rabi ta tare ta a zaure, ta ba ta ƙuli, ita kuma ta tsiyaya mata katambiri a murfin kwalba. Dije ta fara bayani, amma Inna ta ƙwala kira daga cikin gida, Yaya ta ce ta gane, ta shige. Inna ba mu gaya mata ba, tunda ta riga ta ce a ƙyale goshin nan ya huta.

Bayan la'asar muka zagaya bayan rumbu. Yaya ta tsoma tsinke ta ja layi, muka duba madubi, babu komai sai danshi. Ta sake ja. Ta ƙara a sama, ta ƙara a ƙasa, ko ɗaya bai nuna ba. Ta ce wataƙila tsinken ne ya yi siriri, ta jefar da shi ta sa yatsa, ta shafa daga karan hanci har kusa da kunne, ta dawo ta sake bi. Ruwan ya bushe ya bar ɗan duhu kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka yanke cewa Dije ta cuce mu, ta ba mu ruwan rafi ta ci ƙulinmu. Yaya ta ce a bari, gobe sai a koma wa ta fitila, in riƙa tsayawa a inuwa. Muka tafi aka ƙunsa mana lalle, muka manta da zancen.

Da asubar Sallah na fito alwala, Inna ta ɗago fitila ta haska fuskata, sai ta zauna daɓas a kan kujera 'yar tsugunne. Dariya take yi har hawaye, ta kasa magana. Katambirin ya kama cikin dare, kuma duk inda yatsan Yaya ya bi ya fito. Gira biyu ne baƙaƙe wuluk, kowace ta kai faɗin yatsu biyu, sun haɗe a saman hanci, ta hagu ta ɗaga sama kamar ina tuhumar duk wanda na kalla. Da Inna ta samu numfashi ta ce, "Katambiri ai sai ya kwana yake kamawa. Wa ya aike ku?" Muka sa sabulun salo, muka sa toka, muka matse lemon tsami, muka dirza da soso. Fatar ta yi zafi, baƙin yana nan daram. Inna ta ce ko a mako guda ba zai sake ni ba.

Ban je Idi ba, ban fita yawon Sallah ba. Ina kwance a ɗaki ina jin kabbarar masu dawowa, ina jin an kayar da rago, ƙamshin hanta yana shigowa ta ƙasan labule, da yamma kuma tafin gaɗa yana tasowa daga dandali. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, na ce Gaya kam ba da ni ba, a je a ɗauki hoton da masu fuska. Baba ya ce ba a dole, wanda ya shirya da safe shi zai kai bakin titi. Yaya Rabi ta shigo da tsire a murfin kwano, cikin sabuwar atamfarta, ta ajiye a gabana. Ta daɗe tana kallona, yatsanta baƙi ƙirin har gaɓa ta biyu. Na juya mata baya, ta fita.

Washegari da sassafe aka yaye mini zanen rufa. "Tashi ki yi wanka, mota ba ta jira." Na buɗe ido zan yi wa Yaya tsiwa, sai na ga fuskarta. Girar Yaya Rabi, wadda ake yabo a bakin rijiya, ta ɓace a ƙarƙashin baƙaƙen layuka biyu masu faɗin nawa, har ta fi ni, don nata sun kusa taɓa kitso. Inna ta leƙo ta riƙe baki. "Rabi, me kika yi wa kanki?" Yaya ta ci gaba da ɗaura ɗankwali, ta ce, "Ragowar ce, Inna. Na ga kar ta lalace." Ni na fara dariya, ita ta biyo, muka yi ta yi har muka zube a kan tabarma. Na tashi na ɗauki bokiti.

A mota kowa ya shigo sai ya dube mu ya sake dubawa. Wata mata mai goyo ta kasa haƙuri ta tambaya, Yaya ta gyara zama ta ce mata sabon yayi ne, bai iso ko'ina ba tukuna. Kawu Sale ya tarbe mu a ƙofar gida, ya kalli goshinmu, sannan ya ce mu shigo mu sha ruwa. A shagon mai hoto aka tsayar da mu gaban labule mai zanen bene da furanni. Tsayuwar da na yi makonni ina koyo ta gudu daga kaina, sai kawai na riƙe hannun Yaya gam. Mai hoton ya leƙa na'urarsa ya ɗago, ya ce mu saki fuska mana. Yaya ta ce masa a sake take, girar ce haka. Shi ma dariyar ta kama shi, a cikinta ya danna.

Yanzu a Gaya nake aure, kuma jagira ta cika kowane shago, mai tsada da mai araha, baƙa da ruwan ƙasa. 'Yata takan zauna da waya tana neman wadda kuɗinta zai kai, tana ƙorafin cewa masu kyau sun fi ƙarfin ɗaliba. Na taɓa kwatanta mata yadda ake haɗa ta fitila da man kaɗe, ta yatsine fuska ta ce a ina ma za ta samu aci-bal-bal. Hoto kuwa a yini ɗaya takan ɗauki wanda ba ya ƙirguwa, ta goge duk wanda girarta ba ta zauna daidai ba. Mu namu ɗaya ne, ba a gogewa, ba a sakewa. Yaya Rabi tana Ajingi da jikokinta, furfura ta fara shiga girar nan tata, kuma har yau idan na hau adaidaita na je gaishe ta, da Goshin Tulu take tarbata. Nakan yi kewar lokacin da damuwata duka ba ta wuce faɗin goshina ba, kuma akwai mai ɗaukar rabinta. Sai da na girma na tuna cewa ita ma hotonta na farko ke nan.