Tasar Malam Ma'aruf

Kowace safiya bayan sallar asuba Malam Ma'aruf yakan buɗe ɗakin shan magani na Illela, ya share da kansa, ya dafa allurai a tukunya, sannan ya fito wa mata masu goyo da benci. Haka muka san shi tun kafin a sauke tutar Turawa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ban ga wanda ya motsa don a ce masa sannu ba. Mu mutanen bakin iyaka mun fi sanin darajar mai canjin kuɗin sefa. To, ni zan faɗa.

Shekarar da aka sami mulkin kai, sanƙarau ya ratsa ƙasarmu da bazara. Yaran da ke da sauran shan ruwa suka tashi, amma wasu sun tashi daban. A kira su, su yi banza da mutum. A dafa su ta baya, su zabura da ihu da jifa. Nan da nan gari ya yanke hukunci, wai iska ce ta shige su. Malam Ma'aruf bai ja da kowa ba. In an yi la'asar sai ya hau kekensa, yau Tozai gobe Garu, yana tambayar iyaye mata yadda ciwon ya fara da abin da ya bari.

A wata ruga bayan Garu ya tarar da Asta, ƙaramar 'yar wani makiyayi mai suna Jaɓɓo, ɗaure a dangwali tare da maruƙa. An gama shiri washegari a kai ta gidan wani mai maganin iskoki a ƙetaren iyaka, inda ake sa mari a ƙafa. Yaran da aka kai can, ba mu san wanda ya dawo ba. Tasalla mai fura, wadda ke sayen nono a rugar, tana wurin, ita ta ba ni labari.

"Jaɓɓo, mi as sami ɗiyar ga?" in ji Malam.

"Iska ce, Malam. Tun da tat tashi ciwo ba ta amsa ma kowa."

Malam ya ba Asta dabino, ya ari tasa da muciya, ya zaga bayanta ya buga da ƙarfi. Maruƙa suka yi ta fizgar igiya, kaji suka watse, Tasalla kanta ta yar da ƙwarya. Asta ko gezau, tana ta cin dabinonta. Sai ya dawo gabanta ya durƙusa, ya kwatanta tatsa da hannu. Yarinya ta yi dariya, ta miƙa hannu wajen ƙwaryar tatsa.

"Hankalinta garau yake," in ji Malam. "Kunne ne ciwon yat tafi da shi. Ba ni da maganinai, ba ni yi maka ƙarya."

Jaɓɓo ya dubi 'yarsa. "Ke nan duk kiran da nika yi mata, ba ta jiya ba?"

"Ba ta jiya ba."

"Ni ko ina bugunta." Ya durƙusa ya kwance igiyar da hannunsa, hawaye na bin gemunsa.

Daga ranar tasa ta zama kayan aikinsa. Yaron da ya waiwaya amma hankalinsa bai daidaita ba, Malam ya raka shi asibitin Sakkwato. Wanda bai waiwaya ba, Malam ya zauna da iyayensa ya koya musu magana da hannu da fuska. Na ji malaman asibiti a wasu gundumomi sun ɗauki dabarar, ba su ma san mai ita ba, kuma abin yana mini ciwo.

Malam Ma'aruf, kai ne likitan da bai ji kunyar cewa ba shi da magani ba, amma ya kwance yara daga igiya. Gatan marasa baki, mun gode. Allah ya saka maka da Aljanna, ya ba ka hutu cikin lafiya. Asta na kawo nono Illela kowace ranar kasuwa, da yatsu take ciniki, kuma Tasalla ta ce har yau ba ta taɓa cin nasara a kanta ba.

Mu kuma da muka rage, aikin bai fi ƙarfinmu ba. Duk wanda ɗansa ya daina amsa kira, ya ajiye tsumagiya tukuna, ya zaga ta gabansa ya bari yaron ya ga fuskarsa.