Zauren da matata ta yi mana a gareji

Shekarun baya, muna sabbin komawa wani tsohon gida a garin McLeansville, can ƙasar waje, sanyi ya kusa raba ni da jama'a. Duk Lahadi bayan coci gidanmu cika yake yi. Matata ta tuƙa tuwo, mutanenmu su zo, Kirista da Musulmi, a ci a yi ta hira. Cikinsu akwai wani dattijo da muke kira Baba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, jikokinsa kuma da Turanci suke amsa masa waya. Shi da bakinsa ya ce duk mako a gidanmu kaɗai yake jin Hausa.

Ana haka aka rage mana awannin aiki, bil ɗin gas ɗin ɗumama gida kuma ya iso. Da na buɗe sai da na nemi kujera. Nan take na zama injiniyan dole: na manna leda a tagogi, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofofi, na rage hita, na'urar ɗumama gida, har yara suna cin abinci da hular sanyi. Ran Lahadi kuwa ba halin ragewa, don gwiwoyin Baba ba sa shiri da sanyi. Wata ya zagayo, bil ko gezau.

Na ce wa matata, "Mu dakatar da taron nan sai sanyi ya wuce."

Ta ce, "Baba fa?"

Na nuna mata bil ɗin. Ta ce in ba ta Lahadi ɗaya.

Ranar, da baƙi suka fara tashi, ta ja ni gefe ta ce, "Tsaya nan ka sha kallo." Wani abokina ya buɗe ƙofar falo, ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. "To, sai mun haɗu. A gaida yara. Af, na manta, kun ji an yi haihuwa a Summerfield?" Sai sabuwar hira ta tashi, ƙofa a wangale, iska na kwararowa, hita na ta ruri. Yana matsawa wani ya karɓi ƙofar. Haka aka yi ta yi har kowa ya watse.

Ta ce, "Ka gani? Unguwa muke ɗumamawa."

Na ce, "Yo ai ba a ce wa baƙo yi sauri ka rufe ƙofa. Da wane ido?"

"Wa ya ce a kori kowa? Gidan ne ba shi da zaure."

Kafin Lahadi ta zagayo ta fitar da motata daga gareji. Ta shimfiɗa kafet, ta jera kujeru, ta rataya labule mai kauri a ƙofar da ke shiga kicin. Doka ɗaya ce: ta gareji ake shiga, ta nan ake fita, kuma sai an rufe ƙofar ciki ake buɗe ta waje. Na zaci sanyin gareji zai gajarta sallama. Ina! Mutanenmu sai su zura kwat su ci gaba daga inda suka tsaya.

Bil bai zama kyauta ba, amma ya sauko daidai ƙarfinmu, taro kuma bai tsaya ba. Baba, mai ciwon gwiwar nan, shi ne ya fara jan kujera ya zauna bakin ƙofa, lulluɓe da bargo, duk mai fita sai ya rusuna ya gaishe shi. Na roƙe shi ya koma cikin ɗumi, ya ƙi. Ya dubi matata ya ce, "'Yata, tun da na zo ƙasar nan ban zauna a zaure ba sai yau." 

Har gobe ina jinjina wa matar nan. Ni da na ga bil, mutane na yi niyyar ragewa, ita kuwa ƙofa ta je ta duba. Baba ya koma gida Najeriya tuni, amma kujerarsa tana nan, ba mai ɗaga ta. Motata ma har yanzu a waje take kwana. Duk safiyar sanyi ina kankare ƙanƙara a gilashinta, yatsu na ciwo, ban taɓa cewa a mayar mini da garejina ba.