Haladu Mai Jahannamiyya

Haladu mutumin Roni ne, manomin gero ɗan manomin gero. Hajjin 1979 ya kawo shi Jidda. Da aka gama aiki 'yan jirginsu suka koma, shi kuwa ya ce zai tsaya wata shida ya nemi na shanun huɗa. Wata shidan nan ne suka zama shekara talatin da 'yan kai.

Ya yi dako, ya yi shara a Madinar Masana'antu, kafin wani ɗan garinsu ya kai shi unguwar Ruwais, gidan wata dattijuwar Balarabiya, Sitti Rabi'a, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida da lambu. Ta tambaye shi ko ya san shuka. Haladu ya yi murmushi kawai.

Ta nuna masa wata aba mai yaɗo da ta kwanta jikin katanga, ganye kore shar, ga ƙaya. Ta ce shekara huɗu ana ba ta ruwa safe da yamma, ta ƙi fure.

Da guntun Larabcinsa ya ce, "Me sunanta, Sitti?"

"Jahannamiyya."

Haladu ya yi a'uziyya a zuci. Neman Aljanna ya baro Roni, ga abin da aka ba shi reno.

"Ana cin ta?"

"Kallonta ake yi," in ji Sitti.

Abin ya tsaya masa a rai. Ruwan da motar tanka ke kawowa da ƙyar, a zuba wa abin da ko akuya ba za ta ƙoshi da shi ba? Sai ya gyara wani lungu bayan kicin, ya shuka kuɓewa da yakuwa, ya juya musu ruwan. Jahannamiyya kuwa ya bar ta da ƙishi. Duk reshen da ya karce shi wajen shara, sai ya datse shi da haushi.

Kuɓewa ba ta ji daɗin iskar teku ba, ta yi rawaya ta mutu. Yakuwa ta bi ta. Amma bayan kamar mako shida katangar Sitti ta yi ja wur daga ƙofa har kusurwa, masu mota suna rage gudu suna kallo. Sitti ta fito ta tsaya tana hawaye, domin mijinta ne ya dasa, bai kuma taɓa ganin furen ba. Kafin shekara ta zagayo Sitti ta tsaya masa a hukuma ta zama kafilinsa, Haladu ya riƙe iƙama, takardar izinin zama, a hannu.

Nan da nan makwabta suka fara aron sa, sunansa ya koma Mu'allim Haladu. Shi kuma bai ɓoye wa kowa komai ba. Yakan ce a dasa ta inda rana ke duka, kada a shayar sai ƙasa ta bushe ƙamas, a rage taki, a datse ta in fure ya zube. Ba wanda ya yarda. Wani injiniya Othman ya ja shi gefe ya ce, "Ya Mu'allim, mun san ku Takari akwai asiri. Yalla, faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba."

Da ya gaji da rantsuwa, Haladu ya ƙulla tokar gawayi a takarda ya miƙa masa. "Barbaɗa a gindinta. Amma in ruwa ya taɓa ta kafin kwana goma, magani ya karye."

Katangar Othman ta yi fure. Daga ranar nan kurfotin gidan Haladu bai sake tara toka ba.

Matarsa Mastura, Bahaushiyar Sudan da ya aura a Ruwais ɗin, takan ce, "Abu Mariyamu, ka ji tsoron Allah da tokar nan."

"Na faɗa musu gaskiya kyauta sun ƙi. Halas."

A hankali dai ya san shukar da gaske. Ya iya tayar da ita daga reshe, ya gano jan da ake kallo ganye ne, ainihin furen ɗan fari ne ƙanƙane a tsakiya. Hannuwansa duk tabon ƙaya. Sunanta ne kawai bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce "waccan".

A 2008 Sitti ta rasu, magada suka sayar da gidan ga masu gina bene. Ranar rushewa Haladu bai je ba, ya ce ƙafa ke ciwo. Shi da Mastura suka koma unguwar Safa wajen 'yarsu Mariyamu, hawa na uku, inda jikoki ke jin Hausarsa su amsa da Larabci.

A 2011 ya kai ziyara Roni. Ƙaninsa Husaini ya kai shi gona, manoma suka taru su ji yadda ake noma a ƙasa mai tsarki. Haladu ya ɗauki fartanya, bai kai ƙarshen kunya ɗaya ba ya nemi inuwa. Mako uku ya yi ya dawo, da buhun gero tsaraba.

Mastura ta dubi buhun, ta dubi tayil ɗin ɗaki. "A ina zan daka? Na ƙasa su kira mana 'yan sanda?"

Buhun ya yi wata biyu a bayan ƙofa. Daga bisani Haladu ya riƙa ɗibar gwangwani guda kullum bayan la'asar, yana watsa wa tattabarun bakin masallaci.