Tukunyar Dattijon Ɗaki na Uku

Washegarin Babbar Sallah ta 2019, da misalin ƙarfe biyu na rana, mu uku ne a kicin ɗin gidan da muke haya a unguwar Al Qusais, can ƙasar waje: ni, da Alhaji, ɗan kasuwar Kano mai aika kaya gida, da wani dattijo Ba'indiye da ke ɗaki na uku.

Shekara guda ke nan ina lura da dattijon. Kullum da sassafe yakan shimfiɗa tabarmar roba ya yi motsa jikin da suke kira yoga. Ba ya cin nama. In ya ga kyankyaso sai ya kife shi da kofi, ya zura takarda ta ƙasa, ya sauka hawa huɗu ya sake shi. Ya ce sunan abin ahimsa: kada ka cutar da mai rai, da hannu ko da baki. Shi kaɗai nake hira da shi a gidan, ban kuma so in rasa shi ba.

Muna suyar naman layya tukwanenmu suka cika. Na ɗauko ta dattijon, don a gidanmu ba a neman izinin tukunya ranar suya. Da ita ya zo daga ƙasarsu, nama bai taɓa shiga cikinta ba. Ya ɗan fita a lokacin, ya dawo ya tarar kitse na tafasa a ciki. Ni kuma, saboda haƙƙin maƙwabtaka, na miƙa masa kasonsa a faranti.

"Haba Malam," in ji Alhaji yana dariya, "mai raka kyankyaso har bakin titi ne zai ci rago? Khalas, shi ke nan, miƙo nan."

Dattijon ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya ce, "Barka da Sallah," ya koma ɗakinsa.

Na wanke ta sau uku. Na je kasuwar Al Sabkha na sayo sabuwa, na ƙwanƙwasa masa.

"Baba, ka yi mini faɗa mana."

"Ai ba ka sani ba," ya ce. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Da ya zage ni, da na san ta inda zan fara ba da haƙuri. Bai sake shiga kicin ba. Burodi da ayaba yake ci a ɗaki, muna gaisawa a bakin ƙofa kamar baƙi.

Ƙarshen wata ya tashi, ya koma unguwar Al Warsan. Ya bar tukwanen biyu a kan kanta, sabuwar ko ledarta bai cire ba. Bayan kwana uku Alhaji ya kira masu feshin ƙwari.