Cokalin Hajara da Jan Akwati

Aikina yanzu rubuta jagora ne. Akwai wata manhaja da ƙananan asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya a cikinta, ni kuma ina cikin masu rubuta shafukan da ke koya wa mutane amfani da ita. Injin da ke tsara shafukan ba a yarda kowa ya taɓa cikinsa ba, sai dai ka rubuta ɗan ƙari ka liƙa masa a gefe, abin da muke kira fulogin. Da shi ake sa rubutu ya fito cikin akwati mai launi, ko a yi masa alama. Duk ranar da aka ce in ƙara wani, sai in ji ƙamshin hayaƙin madafar Kaka.

A gidanta da ke bayan layin dogo a Kafanchan muka tashi, ni da yayana Bulus, domin iyayenmu suna Kaduna wajen aiki. Da an gama cin tuwo, kafin wutar murhu ta mutu, yaran unguwa za su fara sulalowa. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikatan jirgi ne, kowa da yaren gidansu, shi ya sa da Hausa take yi mana tatsuniya. Hausar tata kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne, har akuya mai ciki.

"Tatsuniya ya zo bakin ƙofa," in ji ta.

"Ya shigo ya zauna!" mu amsa.

Wadda muka fi so ita ce ta Kunkuru mai shela. A wani gari ne na bakin rafi, kuma sharaɗin aikinsa shi ne ba ya ƙara kalma, ba ya ragewa, muryarsa ɗaya ce kullum. Yadda zai ce gobe kasuwa, haka zai ce rafi ya kawo. Wata shekara ruwa ya kwashe rumbuna saboda babu wanda ya kula da shelar. Sai maƙeri ya ƙera ƙararrawa ya rataya masa a gefen ƙoƙon baya, aka ce ta ruwa ce kaɗai. Abu ya yi kyau. Ba a jima ba mai jego ta ce haihuwa ma ai labari ce, a rataya wa tata shelar caki. Mai kunu ta kawo nata, wanda akuyarsa ta ɓace ya kawo nasa.

A nan Kaka take tsayawa ta dube mu. "To, wa zai rataya masa?"

Nan ne daɗin yake. Bulus ya ɗauki marfin tukunya, ni gwangwanin madara da tsakuwa a ciki, wani ya yi fito, wani ya buga cinya. Dokarta ɗaya ce: rataya abin da ka ga dama, amma kada ka taɓa Kunkuru, labarin nata ne. Duk sanda ta ce Kunkuru ya ɗaga ƙafa, kowa ya kaɗa nasa. Kafin a yi nisa madafa ta rikice, maƙwabta na yi mana tsawa ta katanga, bakin Kaka na motsi amma ba mai jin ta. In mun yi ƙorafin ba mu ji ƙarshe ba, sai ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zani. "Mutanen garin ma haka," in ji ta. "Ku je ku kwanta."

Akwai wata mai nono da ke zuwa daga wata ruga ta wajen Godogodo. Takan bar ƙaramar 'yarta Hajara wurin Kaka in za ta zaga gari, wani lokaci in sun rasa mota su kwana. Hajara ba ta kai shiga makaranta ba, amma ta san Kunkuru sarai. Ranar da gari ya rikice da faɗan addini a bazarar 1987, tana gidanmu, uwarta tana kasuwa. Aka sa dokar hana fita, uwar ba ta dawo ba.

Da yamma babu yaron da ya zo. Kaka ta kulle ƙofar gida, ta tura mu madafa, ta janye itace har ya rage garwashi kawai. Zafi kamar a cikin tukunya, ga shi ba halin buɗe taga. Hajara ta fara kuka tana kiran uwarta da Fulatanci. Ko ni da nake yarinya na gane abin da ke cikin wannan kukan: unguwa duk ta san babu ƙaramin yaro a gidanmu, kuma ana jin samari suna bi gida gida. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Bulus ya kai hannu zai toshe mata baki, Kaka ta buge hannun.

"Tatsuniya ya zo bakin ƙofa," ta ce a hankali.

Da raɗa muka amsa. Muka ɗauki kayan kaɗawarmu saboda sabo, amma ta girgiza kai. "Yau ba ratayawa. Kunkuru ya gaji, yau sauke masa za mu yi."

A ranar na fara jin ƙarshen. Kaya sun yi wa Kunkuru yawa har ya kasa tafiya, ya kasa mayar da kansa cikin ƙoƙo, ya maƙale a tsakiyar hanya. Ya hango rafi ya taso, ya girgiza iya ƙarfinsa, amma ƙararrawa ta ɓace cikin caki da gwangwanaye, mutane suka fito rawa suna zaton biki ne. Sai wata tsohuwa ta zo da wuƙarta ta yankan kuɓewa, ta shiga yanke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta dubi Bulus, ya ajiye marfi. Ta dube ni, na ajiye gwangwani. Sannan ta ɗauko cokali da kofin silba ta danƙa wa Hajara.

"Saura ƙararrawa, kuma kai ne mai shi," ta ce mata. "Mai ƙararrawa ba ya kuka, ba ya magana, don kada ruwa ya zo bai ji ba. Ka duba ƙarƙashin ƙofa nan. In ka ga ruwa ya shigo, ka buga. In ba ka gani ba, ka riƙe."

Ko ɗigon ruwa ba a fara ba a shekarar. Hajara ta haɗiye kukanta, ta zauna bayan babbar randa, ta kafa wa ƙarƙashin ƙofa ido.

Ba a daɗe ba aka buga ƙofar gida. Kaka ta fita ta ja mana ƙyauren madafa, muna jin komai.

"Mama, an ce mai nono nan yana ajiye pikin shi, ƙaramin yaro nan, a wurinki," in ji wani daga cikin samarin.

"Ya ɗauki abin shi tun da rana," in ji Kaka. "Ni da jikoki na ne. Ku ji tsoron Ubangiji ku koma gida."

Matar da ba ta fashin zumuntar mata a coci, ban taɓa jin ta yi ƙarya ba sai ranar. Hasken tocila ya ratso ta ƙarƙashin ƙyaure, ya tsaya daidai inda Hajara ke kallo. Na ga cokalin ya ɗaga sama. Hajara ta sunkuya ta duba ƙasa da kyau, ta ga a bushe take. Ba ta buga ba. Can muka ji takun ƙafafu suna yin nisa.

Kwanakin da muka yi a kulle, da cokalin take barci. Da hanya ta buɗe, uwarta ta zo da wani ɗan'uwanta, ta rame, ta kasa ko gaisuwa sai kuka. Hajara ta tsaya a bakin madafa ta ce, "Kaka, ruwan ya wuce?" Kaka ta miƙa hannu ga cokalin. "Kawo, na karɓe ka." Ba su sake kawo nono unguwarmu ba. Daga baya muka ji rugar ta tashi.

Jagorar da nake aiki a kanta ta fara da jan akwati ɗaya, na gargaɗi. Sai wani ya nemi shuɗi na shawara, wani kore na sabon abu, wani rawaya na "ka lura". Kowanne da hujjarsa, kuma ƙarawa ba wuya. Yau shafin da ke bayanin maɓallin da ke goge bayanan asibiti gaba ɗaya ya zama kamar zanin biki, gargaɗin na can tsakiya ba mai ganinsa. Na ce a cire wasu, kowa ya ce a cire, amma ban da nasa. Shugabanmu kuma maganarsa ɗaya ce: "Ladi, ba a taɓa injin." Raina ya ɓaci, na ji kamar an sake ja mini ƙyauren nan.

Don haka ban taɓa injin ba. Na rubuta fulogin ɗin da aikinsa saukewa ne: duk shafin da ke da jan akwati, sauran launuka su koma rubutu zalla, ja kuma ba ya wuce ɗaya. An yi ta gardama, har yanzu wasu ba su yafe mini ba, kuma a shafukan gogewa kaɗai aka yarda in kunna shi. Na karɓa a haka.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan hayaniya take. Yanzu na fi tunanin mai riƙe da ƙararrawar, da irin shirun da sai an yi kafin a ji ta. Kaka ta rasu ban gama sakandare ba, kuma cokalin yana wurina. Ban san inda Hajara take ba, ban kuma san ko akwai wanda ya taɓa gaya mata cewa ruwan ya zo har bakin ƙofa a ranar, shirunta ne ya hana shi shiga.