Ranar da Bodil Ta Shigo da Kek

Shekara ashirin da takwas, ƙarfe shida saura kwata na safe, Bodil Vestergaard na jingine kekenta a jikin ƙarfe ɗaya, bayan ofishin lodi na tasharmu a Esbjerg. Ko iska ake yi ko ruwa, ko a jikinta. Ta rataye rigar ruwanta, ta ɗora gahawa, ta ajiye ƙunshin baƙin burodinta a bakin taga, ta zauna gaban kwamfuta. Daga nan ba ka ƙara jin bakinta sai sha biyu. Mu da muke ƙofa muna karɓar tireloli, in aka tambaye mu aikin Bodil sai mu ce, "Danna maɓalli take yi." Iyakar saninmu ke nan, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Jirginmu na ruwa ne, na ɗaukar kaya. Yakan haye zuwa Ingila ya dawo, da tirela wajen ɗari biyu a cikinsa: man shanu, kifi, katako, ƙarafa. Kafin mota ta iso, kamfanin sufurin da ke da ita yakan turo saƙo ta kwamfuta, da lambar tirela, da abin da ke ciki, da nauyinta. Kamfani arba'in da ɗoriya, kowa da salon rubutunsa. Bodil ke tattara su ta mayar da su jeri ɗaya, ta tura wa Preben, mataimakin kyaftin, mai tsara lodi. Preben ba ya ganin cikin tirela, lamba yake gani. Mai nauyi ya sa ta can ƙasa, marar nauyi ya hau da ita benen sama. In aka juya wannan tsari, jirgi zai fita teku samansa ya rinjayi ƙasansa, kuma duk wanda ya san tekunmu da hunturu ya san abin da hakan ke nufi.

Bara aka kawo sabon tsari. Tashoshi da kamfanonin sufuri na gaɓarmu suka yarda a yi fom guda na kwamfuta, kowa ya cika iri ɗaya, saƙo ya tashi daga ofishin mai kaya ya sauka cikin jirgi ba tare da hannun kowa a tsakani ba. Abu mai kyau, Bodil ma ta fi kowa murna, duk da kujerarta ce za a ɗauke. Sai ta duba fom ɗin ta ga gurbi ɗaya tak na nauyi. Ta rubuta wa Steen, manajanmu, cewa gurbi ɗaya bai isa ba, domin wasu kamfanoni nauyin kaya kaɗai suke rubutawa, wasu kuma su haɗa da na tirelar kanta, kuma tirela ko babu komai a cikinta ta kai tan bakwai. Shiru. Ta sake rubutawa. Sai Steen ya tare ta a bakin tukunyar gahawa yana dariya.

"Haba Bodil! Shekara nawa muna lodi da lambobin nan, jirgi ya taɓa karkata? Ai ka ga daidai suke turowa ke nan. Ke dai ki fara tunanin lambunki."

Ta ɗauki gahawarta ta koma teburinta. Ita kaɗai a duk tashar ta san dalilin da ya sa jirgin bai taɓa karkata ba, kuma ita kaɗai ta san abin da faɗin dalilin zai jawo mata. Doka ce a rubuce, ta sa mata hannu ranar da aka ɗauke ta: ma'aikaci ba ya taɓa lambar da mai kaya ya turo, wanda ya taɓa kora ce nan take. Wata huɗu ya rage mata ta yi ritaya. Sabon tsarin kuwa sai bayan tafiyarta zai fara aiki. Da ta ga dama ta ja bakinta ta yi shiru, ta karɓi furanninta da jawabin yabo, ta koma gida da sunanta fes. In wani abu ya faru daga baya, kwamfuta za a zaga.

Ranar Laraba da za a sa hannu a kan fom ɗin, muna zaune a ɗakin taro, har da masaniyar kwamfuta da aka turo daga Copenhagen, sai ga Bodil ta turo ƙofa da kafaɗa, ɗauke da kwalin kek. Ba ƙaramin kek ba, irin mai hawa uku da kirim. To a ƙasarmu kowa ya sani, a wurin aiki in ba ranar haihuwarka ba ce, ba ka shigowa da kek sai ka tafka kuskure. Ni kaina na sayo ya fi sau goma. Bodil kuwa ranar haihuwarta a watan Yuli take, kuma ba a taɓa cin kek ɗin kuskurenta ba.

"Tabɗi!" in ji Preben. "Yau rana ta fito ta yamma. Me kika yi, Bodil? Kin taka karen manaja da keke?"

Aka yi dariya. Ta ajiye kwalin a tsakiyar tebur, ta ɗora wuƙa a kai, ba ta zauna ba.

"Shekara ashirin da takwas ina canza lambobin nauyi," ta ce. "Kullum. Wanda Preben ke gani ba shi ake turowa ba."

Steen yana riƙe da biro, baki sake. Preben ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Ke, bar wannan wasa."

"Ka taɓa ganin na sayi kek don wasa?"

"Tirela nawa?" Steen ya tambaya.

"A kowane lodi, tsakanin hamsin da sittin."

Na ga Preben yana lissafi da leɓɓansa. Sittin sau bakwai. Fiye da tan ɗari huɗu da ba a rubuce suke ba, kuma da an bi saƙonnin yadda suka zo, yawancinsu benen sama za su hau. Fuskarsa ta yi fari fat. Mutumin da ya shekara ashirin yana bugun ƙirji cewa ba a taɓa jin jirginsa ya yi tangaɗi ba, sai ga shi yana laluben kujera.

Masaniyar kwamfuta ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce, "Ina kika rubuta ƙa'idar da kike bi?" Bodil ta nuna goshinta. Matar ta ce to a gwada. Muka fita fili gaba ɗaya, cikin iska, aka ce Preben ya zaɓi tirela goma duk waɗanda ya ga dama. Ni ne a kan sikeli, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Sikelinmu ɗaya ne, ba ya iya auna tirela ɗari biyu kafin jirgi ya tashi, shi ya sa aka dogara da saƙo.

Aka jawo ta farko. Saƙo ya ce tan goma sha tara. Bodil ta dubi sunan kamfanin, ta ce, "Waɗannan kaya kaɗai suke rubutawa. Ashirin da shida." Sikeli ya nuna ashirin da shida da ɗan ɗoriya. Ta biyu ta ce a bar ta yadda take, masu ita suna haɗawa. Haka ne. Ta uku ta ce, "Mai firji ce, ƙara tara, ba bakwai ba." Haka ne. A ta shida ta tsaya, ta ce a da kamfanin suna haɗawa, amma tun da tsohon magatakardansu ya tafi suka daina. Sikeli ya gaskata ta. Goma cif, babu wadda ta kauce da fiye da rabin tan. Wani direba da ke jira ya leƙo ta taga ya ce, "Kai, wannan matar a sayar mana da ita mana, mu huta da layin sikeli!" Ba wanda ya yi dariya.

A nan ta gaya mana mafarin abin. Hunturunta na farko, jirgi ya dawo da tireloli huɗu a kife a benen sama, ɗaya ta danne ƙafar wani ma'aikacin jirgin, bai ƙara hawa jirgi ba. Aka ce igiyar ruwa ce. Ita kuwa ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya ta gano duk huɗun nauyin kaya kaɗai aka rubuta musu. Ta kai wa manajan lokacin, ya ce mata, "Abin da aka ba ki shi za ki buga, kada ki kore mana masu kaya." Tun daga ranar ta shiga bugun waya da hira da direbobi da leƙen sikeli, har ta haddace halin kowane kamfani. Sai yanzu na gane abin da ya sa take zuwa wurina da gahawa tana tambayar nawa wance ta yi. Ni da na ɗauka hirata ce ke mata daɗi.

Ke ce, Bodil, mai tsaron jirgin da ba ki taɓa hawa ba. Ke ce kika hana kanki hutun da ya wuce mako ɗaya, mu muna yi miki tsiya cewa ba ki da wurin zuwa, ashe kafin ki tafi sai kin bi kamfanonin da waya kin gyara na kwanakin da ba kya nan. Mutum ashirin da wani abu ke cikin jirgin nan a kowace tafiya, kowa da mai jiransa a gida, kuma babu ɗaya da ya san sunanki na biyu.

Kuma duk da haka aka tura ta gida. Steen ya ce doka doka ce, sai ya kai maganar sama. Raina ya ɓaci ranar, ban ɓoye ba, na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Bodil ce ta hana ni. Ta ce, "Bar shi, ba daidai na yi ba. Kamata ya yi tun wancan lokaci in yi ta ihu har a ji ni, ba in zauna ina gyara a ɓoye ba. Da mota ta kaɗe ni wata safiya fa?" Ta ɗauki kekenta ta tafi. Kek ɗin yana nan a tebur har yamma, babu wanda ya iya yanka shi.

Kwana goma sha biyu tana gida. Preben ya ce ba tirelar da za ta hau jirginsa sai an auna ta, jirgi ya yi ta makara, masu kaya suka yi ta kumfar baki. Masaniyar kwamfuta ta koma da sakamakon tirela goman nan, aka dakatar da sa hannu. Da fom ɗin ya dawo, gurbi biyu ne: nauyin kaya, da nauyin tirela da kayanta, kuma saƙo ba ya tafiya sai an cika duka biyun.

Ranar Litinin aka kira ta. Ta zo da jakar leda a aljihu don kwashe kayan teburinta, ita ta gaya mini haka daga baya. Ta buɗe ƙofar ɗakin taro, ta tsaya cak. Tebur cike da kwalayen kek, goma sha huɗu, na Steen, na Preben, nawa, na masu ɗaure tireloli, har da wanda aka aiko daga babban ofis.

"Wannan fa?" ta ce. "Wa ya tafka kuskure haka?"

Steen ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja. "Mu," ya ce. "Zauna ki yanka."

Ta cika wata huɗunta, ta yi ritaya a kan kari. Fom ɗin yana aiki yanzu, sunanta ba ya ko'ina a jikinsa, amma a tasharmu gurbi na biyun ba shi da wani suna sai gurbin Bodil.

Mun gode, Bodil. Mun gode da shekarun da kika yi kina gyarawa, mun fi godiya da safiyar da kika yarda ki rasa komai kika faɗa. Wanda ya san wani abu da rayukan mutane suka rataya a kai, ya yi koyi da ke, ya buɗe baki tun da wuri. Ku kuma masu ofis, akwai wani a kusurwa da kuke cewa danna maɓalli kawai yake yi. Gobe da safe ku ja kujera ku tambaye shi me yake dannawa. Mu ba mu tambaya ba, sai da muka sayi kek goma sha huɗu.