Takin da Na Kai wa Yayana

Ko zan manta da duk abin da na gani a aikin dabbobi, ranin shekarar tamanin da huɗu ba zai taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci mai yi wa dabbobi allura, an tura ni wata rijiyar fanfo arewa da Takanamat. Damina ta ƙi, ciyawa ta ƙare, makiyaya suka taru da ragowar shanunsu a bakin ruwan nan guda. Ga cunkoso, ga yunwa, sai zawo da tari suka shiga cikin garke.

An ba ni 'yan kwalabe na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idarsa a yi wa saniya cikakkiyar allura kwanaki a jere. To amma dattijo ne zai durƙusa gabanka da rawaninsa, ya ce saniyar nan kaɗai ta rage wa jikokinsa nono. Sai na riƙa raba rabon saniya ɗaya ga shanu huɗu. Da kwalaben suka ƙare muka koma kan tupai, kafson nan ja da rawaya da ake sayarwa a faifai a kasuwa, muna ɓarewa muna zubawa a kwamin shan ruwa. Haka muka yi wata da watanni. A ganina tausayi nake yi. Shanun dai suka mutu, sai ɗaiɗaiku.

Abin da suka bari shi ne kashinsu, tuli guda. Daidai lokacin gwamnatin soja ta ce kowa ya kama noman rani. Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya samu 'yar garka a fadama kusa da Tahoua, amma ƙasar ta gaji kuma ba shi da ko akuya. Ni na roƙi direban wata kamiyo, babbar motar kaya da ta kawo dusa, ya kai masa buhunan takin nan. Da na zo gida ya kama hannuna yana dariya.

"Ƙanena, takin ga shi za ya cishe mu bana," in ji shi.

Albasa da kabeji kuwa suka yi kyau har maƙwabta na zuwa kallo. Wata safiya yana gyaran kwamin albasa ba takalmi, hauya ta sare shi a dunduniya. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da ban ruwa cikin taɓon. Kafin saƙo ya iske ni, ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana wari. Na ba shi tupai, ko gezau. Muka ɗora shi a amalanke sai asibiti.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya, mutumin kirki ne. Ya yi allura, ya sauya magani, ya sake sauyawa. Ranar da ya ja ni gefe, idonsa a ƙasa yake.

"Malam, duk abin da ke cikin kabad ɗin nan mun ba shi. Kamar ruwa muke zuba masa."

Aka yanke ƙafar. Zazzaɓin bai sauka ba. Na zauna bakin gadonsa ina masa fifita, na ce, "Yaya, za ka tashi." Shi kuwa cewa ya yi, "Ka hwaɗa ma iyali su cire albasa kahin ta ruɓe." Da hantsi ya cika. Matarsa ta kwashe yara ta koma wajen danginta a Bambeye, ƙaramar cikinsu ba ta ga damina ta gaba ba.

Sai bayan shekaru masu yawa, a wani taron ƙara wa juna sani, na ji wata likitar dabbobi tana bayani. Ta ce rabin magani ba ya kashe ƙwayar cuta, horar da ita yake. Waɗanda suka yi tauri sai su fita cikin kashin dabba, su shiga ƙasar gona, su riƙa miƙa wa sauran ƙwayoyin ƙasa wannan taurin kamar gado. Nan take na tuna takin da na kai wa yayana. Da aka tashi na bi ta na ba ta labarin yayana, na tambaye ta ko ni na jawo.

Ta ce, "Baba, ba wanda zai iya ce maka i ko a'a."

Da wannan amsar nake zaune har yau, ba ta wanke ni ba, ba ta kuma kama ni ba. Abin da na koya, a makare, shi ne magani ba a yin sadaka da rabinsa. Ko ka ba da shi cikakke, ko ka dubi mai roƙo cikin ido ka ce babu. Ni na kasa cewa babu, kuma ban san iyakar gonakin da abin ya kai ba.